Muryar da Ba Ta Amsa Sallama: Nazari a kan Na'urar Karɓar Koke a Ƙasar Arewa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama kusa da teburin mai cajin waya a tashar Dogon Dutsi, ko a kasuwar Matankari ko ta Kore Mai Ruwa, ya san wannan al'amari. Dattijo ya sa kuɗi a salularsa da safe, kafin azahar sun ƙare, alhali bai kira kowa ba. Yaro ya buga masa lambar kamfani ya miƙa masa wayar. Da jin murya ta fito, sai dattijon ya gyara zama, ya yi sallama, ya soma tambayar kwana da gajiya. Muryar ba ta dakata ba, tana ta jera masa lambobin da zai latsa. Ya sake sallama da ƙarfi kamar mai magana da kurma. Daga bisani ya mayar wa yaron wayar, ya ce wannan matar ba ta da tarbiyya. Samarin wurin su fashe da dariya, su ce: "Baba, ai ba mutum ba ce, na'ura ce."

Samarin sun faɗi gaskiya, amma hukuncin dattijon bai faɗi ƙasa ba. Wani ne ya zauna ya rubuta kalmomin nan, wani ya karanta su aka naɗa, wani kuma ya sa hannu ya ce a sake su ga jama'a. Ke nan magana ce shiryayya, kamar wasan kwaikwayon rediyo ko darasin littafin makaranta, kuma ta cancanci a auna ta da ma'aunin da ake auna kowace shiryayyar magana. Wannan maƙala ta dube ta ta fuskar tsarinta, da harshenta, da kuma waɗanda nauyinta ke faɗawa a kansu.

Yadda muryar ta iso

Wayar da ake latsa wa lambobi ta fito a Amurka a 1963, kuma ita ce ta ba bankuna da manyan kamfanoni damar sa na'ura ta tsaya tsakaninsu da masu kiransu. A Nijar kuwa salula ta fara aiki a 2001, ta riƙa bin manyan kasuwanni ɗaya bayan ɗaya. Amfaninta ba ɓoyayye ba ne. Binciken da masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta yi a kan shekarun 2001 zuwa 2006 ya nuna cewa zuwan salula ya rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin ƙasar da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Ɗan kasuwar Dogon Dutsi ya daina ɗaukar mota don kawai ya ji kuɗin buhun gero a wani gari, uwa kuma ta samu hanyar jin muryar ɗanta da ya tafi ci-rani.

Sai dai mai layin ya yi nisa da mai wayar, kuma sunansa bai zauna wuri ɗaya ba. Celtel, da ya fara a 2001, ya koma Zain a 2008 a hannun ƴan Kuwait, sa'annan ya koma Airtel a 2010 a hannun ƴan Indiya. Orange ya shigo a 2008, aka sayar da shi a 2019, ya zama Zamani. Telecel ya zama Moov, Sonitel da SahelCom kuma suka haɗe suka zama Niger Telecom. Manomin Gesheme ko na Dogon Kirya da ya riƙe lamba ɗaya tun farko ya ga launin tutar kamfani ya canja sau da dama a jikin shago, ba tare da ya taɓa ganin fuskar wanda zai kai wa kuka ba. A wannan gurbi ne aka ajiye masa muryar.

Tsarin koke, jiya da yau

Kuskure ne a ɗauka cewa abin da ke ɓata wa Ba'are rai shi ne jira, ko bi ta hannun ɗan tsakani. Ya saba da duka biyun. Mai ƙara a fadar Sarkin Arewa, ko a fadar Samna a Tibiri, ba ya faɗawa gaban sarki kai tsaye. Yakan fara da mai unguwa ko mai gari, ya zauna a zaure wani lokaci tun hantsi har la'asar, bafade ya shigar da shi. Amma a kowane mataki akwai abu uku. Akwai gaisuwa, wadda ke shaida masa cewa an gan shi, an san ɗan gidan wane ne. Akwai damar ya kawo maganarsa da bakinsa, daga tushe, ko da zai faro ta daga daminar bara. Akwai kuma mutum mai suna da gida, wanda ya karɓi maganar, wanda gobe za a iya tare shi a ce: "Ina aka kwana?"

Har a al'adar Aznan Lugu, garin Sarauniya, inda aka san dutsen Tunguma da yanke hukunci tsakanin masu jayayya, ba a tsallake wannan ƙa'ida ba. Ko mutum bai yarda da al'adar ba, zai lura cewa mai ƙara yakan faɗi damuwarsa a gaban mutane tukuna, kafin masu kula da dutsen su gabatar da tambaya. Ji ne ke zuwa farko, hukunci ya biyo baya.

Na'urar kamfani ta juya wannan jeri. Kafin mai kira ya buɗe baki, an riga an kasa matsalolin duniya gida huɗu ko biyar, an ce ya zaɓi nasa: in kuɗin kira ne ya latsa 1, in intanet ne ya latsa 2, in tura kuɗi ne ya latsa 3. Aikin rarrabe matsala, wanda a fada aikin mai saurare ne, an ɗora shi a kan mai kuka. To, dattijon da kuɗinsa suka ɓace bai san ko waƙar jiran kira aka liƙa masa ba, ko intanet ne ya buɗe da kansa, ko jikansa ne ya taɓa wani abu. Da ya sani, da bai kira ba. Ana tambayarsa amsar abin da ya zo tambaya. In ya yi jinkiri muryar ta maimaita, in ya latsa ba daidai ba ta koma farko, in kuma ya dace aka ce ya jira ma'aikaci, sai kiɗa ya tashi har layi ya yanke. Gobe in ya sake kira, babu wanda ya san ya kira jiya.

Haka abin yake in na'urar ce ta kira shi. Waya ta yi ƙara yana tsakiyar huɗa, ya ajiye hauya ya share hannu, yana tsammanin labarin gida ne ko na mara lafiya, ya tarar talla ce. A Hausa wanda ya zo wurin mutum shi ke fara sallama, ya jira a amsa. Wannan baƙuwa ba ta yin ko ɗaya.

Batun harshe

Galibi Faransanci ke fara magana a waɗannan layuka, harsunan ƙasa su biyo baya. Wanda bai yi lakwal ba sai ya haƙura ya saurari abin da ba ya ji, yana fatan ya gane inda nasa ya soma. A ƙasar da manyan da suka iya karatu ba su kai 4 cikin 10 ba, wannan jeri yana nuna wanda aka sa a gaba. Ya kuma saɓa wa inda ƙasar ta dosa, tun da kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Amma ko inda aka sa Hausa, ba a gama ba. Sau da yawa jimlar Faransanci ce aka tuɓe wa riga aka sa mata ta Hausa, ƙashinta yana nan yadda yake. Godiyar da ake yi wa mai kira saboda "amincewarsa", da tabbacin da ake ba shi cewa kiransa yana da muhimmanci, ladabi ne na wasiƙar ofis. Ladabin Bahaushe musaya ne: a tambaya, a amsa, a sake tambaya. Gaisuwar da ba ta bar wa mutum gurbin cewa "lafiya lau" ba, sanarwa ce kawai. Shi ya sa kunnen dattijo ke jin ta a matsayin rashin kunya, duk da taushin muryar. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, a nan kuwa tabarmar ce kaɗai aka shimfiɗa.

Akwai kuma karin harshe. Ba'are yana cewa "shina", da "hwaɗi", da "biyat", inda littafi ke cewa "yana", da "faɗi", da "biyar". Muddin latsa lamba ake yi, wannan bai dami na'ura ba. Amma duniya ta shiga zamanin na'urorin da ke sauraren magana su ba da amsa, kuma abin da aka ciyar da su shi suke ganewa. In Hausar littafi da ta birane kaɗai aka ba su, ranar da suka iso Sukukutan ko Dumega za su ce wa mutum bai iya harshen uwarsa ba.

Wa ke ɗaukar nauyin?

Aikin da kamfani ya sauke daga kansa bai ɓace ba, ya koma kan wasu. Mai sayar da katin waya, da mai caji, da ɗalibin kwaleji, da malamin makarantar ƙauye, su ne suka zama ofishin karɓar koke na gaskiya, ba tare da albashi ba. Malamai da dama sun san yadda ake tare su a ƙofar aji da waya a hannu, a ce: "Mushe, duba mini."

Wannan taimako abin yabo ne, amma yana da haɗari. Tsohuwar da ɗanta ya turo wa jika 20 daga Kwatano ko Abijan, in ba ta iya bin umarnin na'ura ba, dole ta ba wani lambar sirrinta. Sirrin gidanta ya fita, wani lokaci har da kuɗin. Bugu da ƙari, mutanen da suka saba cewa kamfani murya ce marar fuska mai ba da umarni, su ne suka fi sauƙin faɗawa hannun macuta. Ɗan damfara yana kira, ya yi sallama cikakkiya, ya tambayi iyali, ya saurara da haƙuri, sa'annan ya ce an ci kyauta, a faɗo lambobin da suka shigo. Abin takaici ne a ce ɓarawo ya fi mai kaya sanin darajar gaisuwa. Ba mamaki jama'a suka rungumi gidajen aika kuɗi irin su Nita da Al Izza, inda ake tarar da mutum zaune a bayan kanta, a gaishe shi, a karɓi takarda a hannu.

Adalci ga na'ura

Ba daidai ba ne a ɗora wa na'ura kowane laifi, ko a mai da zauren gargajiya aljanna. A zaure akwai sanayya, ɗan wane yakan riga ɗan talaka shiga, mace kuma sau da yawa sai ta sami namijin da zai yi magana a madadinta. Na'ura ba ta san ɗan sarki ba, ba ta karɓar goro, ba ta barci. Kamfanin da ke da masu layi miliyoyi ba zai iya ajiye ma'aikaci ga kowane mai son jin ragowar kuɗinsa ba. Ga wanda bai iya karatu ba ma, murya ta fi rubutaccen saƙo amfani nesa ba kusa ba.

Haka nan ba gaskiya ba ne cewa mutanen karkara ba za su iya da waya ba. Shirin yaƙi da jahilci na ABC, wanda ƙungiyar CRS ta gudanar a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram a 2009 da 2010, ya koya wa manya karatu da lissafi a harsunansu, a wasu ajujuwan tare da salula. Waɗanda suka koya da salula sun fi sauran sakamako. Wani gwajin da ya biyo baya a jihohin Maraɗi da Damagaram ya fi wannan jan hankali: kiran waya na mako-mako, da mutum ke yi wa malamin aji da mai gari da wasu ɗalibai yana tambayar yadda karatu ke tafiya, ya ƙara wa ɗaliban ƙoƙari. Wayar ɗaya ce da wadda dattijo ya mayar wa yaro cikin fushi. Abin da ya bambanta shi ne akwai mai saurare a ɗaya gefen. Cibiyar kiran da RECA, haɗakar majalisun manoma ta Nijar, ta buɗe ta bi wannan hanya: manomi ya kira, ya bayyana abin da ya ga tsutsa ta yi wa wakensa, masani ya amsa masa da Hausa ko Zabarmanci.

Kammalawa

Laifin muryar kamfani shi ne an ba ta aikin da ba nata ba. Ta isa ta faɗi ragowar kuɗi ko farashin kira, amma koke yana bukatar kunne. Hukumar da ke sa ido kan sadarwa ta taɓa cin tarar kamfanonin huɗu a 2017 saboda rashin ingancin aiki, kuma ARCEP da ta gaje ta a 2018 tana da wannan iko. Ƙarfin layi ana auna shi da na'ura, amma ko an saurari mai kira, wannan sai wanda ya san harshen da mutanensa.

A nan ne malamai da ƙungiyoyin al'adu na gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri ke da abin yi. Suna iya sauraren waɗannan saƙonni, su rubuta su, su gyara Hausarsu kamar yadda suke gyara rubutun ɗalibi, su miƙa wa kamfanoni da hukuma. Suna iya neman a sa harshen ƙasa a farkon kira, a ware lamba ɗaya tak da ke kai mutum ga ma'aikaci ba tare da zagaye ba, a kuma ba kowane koke shaidar da za a bi sawunsa da ita gobe. Ajin yaƙi da jahilci da gidajen rediyon karkara suna iya koyar da abu biyu da za su tsare dukiyar mutane: yadda ake soke abin da aka liƙa wa layi, da cewa ba a faɗa wa kowa lambar sirri, komai daɗin gaisuwarsa. Ƙungiyoyin kuma suna iya fara naɗar maganar dattawan Arewa da karinta, da yardarsu, domin na'urar da za ta zo nan gaba ta tarar da Arawci a ajiye.