Ba Kowane Haɗari Ne Tsautsayi Ba

Jama'ar Damargu, ga wata magana da ya kamata mu duba. In kaka ta yi, manyan motoci sukan cika kasuwannin Belbeji da Tanut, suna lodin gero da wake. Kowa ya san mota tana kisa a kan hanyar Damagaram zuwa Agadas. Amma har cikin tasha, inda take tafiyar hawainiya, tana take mutane.

Su wa take takewa? Ɗan dako mai buhun kilo 100 a wuya, wanda ba ya iya waiwaye. Karen mota da ya sunkuya zai sa katako bayan taya. Yarinya mai talla. Lebura da ya gaji ya kwanta a inuwar ƙarƙashin mota.

In abin ya faru, sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a tashi. Ƙaddara gaskiya ce, amma kada mu ɓoye sakacinmu a bayanta. Direban babbar mota ba ya ganin wanda ke tsaye daf da bayan motarsa, don madubi ba ya nuna wurin. Direba ya san haka. Mai mota ya sani. Shugabannin tasha ma sun sani. To, don me ake barin mota ta ja da baya ba mai duba mata? Kullum ana karɓar kuɗin tasha, amma mota da mutum da jaki hanyarsu ɗaya.

Bayan haɗari kuma wahala ta biyu take zuwa. In karayar ta yi tsanani, sai an kai mutum babban asibitin Damagaram. Asusun ma'aikata na CNSS yana biyan wanda ya ji ciwo wurin aiki, amma maigida ne ke da alhakin rubuta sunan ma'aikacinsa. Ɗan dako nawa aka rubuta? Mai mota ya ba da ɗan abin gaisuwa ya wuce, iyali su sayar da akuya da hatsin shekara.

Gyaran ba ya cin kuɗi da yawa. Direba ya zagaya motarsa, ya leƙa ƙarƙashinta kafin ya tayar. Mai ba shi hannu ya tsaya gefe, inda yake ganinsa a madubi. In ya daina ganinsa, ya taka birki. Magajin gari da shugabannin tasha su ware wurin lodi da igiya, su kafa rumfa don masu hutawa.

Kai da ka koyi karatu, karanta wa ƴan tasha wannan ranar kasuwa. Rigakafi ya fi magani.