3.3 Jigon Amana a Cikin Rubuce-rubucen Clifford Stoll

Wannan sashe zai duba ra'ayin Clifford Stoll a kan tsaron kwamfuta kamar yadda ya fito a littafinsa mai suna The Cuckoo's Egg (1989), sannan a gwada shi da abin da marubucin ya rubuta a shekarar 1995. An zaɓi Stoll ne saboda ba daga fannin tsaro ya fito ba. Masanin ilimin taurari ne, kuma tsautsayi ne ya jefa shi cikin lamarin, don haka ra'ayinsa ya ginu ne a kan abin da ya gani da idonsa.

3.3.1 Ƙashin Bayan Labarin

A watan Agusta na 1986 Stoll yana aiki a sashen kwamfuta na ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya a Amurka. A lokacin ana cajin kowane mai amfani da kwamfutar wurin gwargwadon lokacin da ya ci. Sai aka sami giɓin santi 75 a lissafin, aka ba shi aikin gano dalili. Da ya bi diddigi sai ya tarar wani ne daga waje yake shigowa ba da izini ba, yana amfani da kwamfutar a matsayin gada zuwa kwamfutocin sojan Amurka. Maimakon a toshe ƙofar, sai aka bar ta a buɗe, Stoll ya haɗa na'urorin buga takarda da layukan da ke shigowa, duk abin da mai kutsen ya taɓa yana fitowa a rubuce. An shafe kimanin wata goma ana wannan fako. A maƙalar da Stoll ya buga a 1988 ya nuna cewa mutumin ya gwada kwamfutoci kusan 450, ya kuma sami shiga fiye da 30. Daga ƙarshe aka bi layin tarho har birnin Hanover na Jamus ta Yamma, inda aka gano Markus Hess, wanda shi da abokansa suke sayar wa hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet, wato KGB, abin da suka kwaso. A 1990 kotu ta same su da laifi, amma hukuncin ɗaurin da aka yanke musu na jeka-ka-gyara-halinka ne.

Sunan littafin ya samo asali ne daga wani tsuntsu da ke saka ƙwansa a sheƙar wani, mai sheƙar ya yi ta kwanci har ya ƙyanƙyashe masa. Haka Hess ya yi. Ya sami wata ɓaraka a manhajar GNU Emacs, ya saka nasa umarnin a wurin da kwamfutar ke dubawa duk bayan minti biyar, ita kuma ta zartar da shi a matsayin nata, ta miƙa masa ikon shugaban tsari gaba ɗaya.

3.3.2 Jigo da Yadda Aka Warware Shi

Babban jigon littafin shi ne amana. A ganin marubucin, ba waya ko ƙarfe ke riƙe da hanyoyin sadarwar kwamfuta ba, yarda ce tsakanin mutanen da ke amfani da su. Saboda haka ɓarnar mai kutse ba ta tsaya ga abin da ya sata ba, ko da bai goge komai ba ya riga ya sa kowa ya fara kulle ƙofarsa, masu bincike kuma su daina musayar ilimi a sake.

Marubucin bai fito da wannan jigo ta hanyar wa'azi ba, ya bi ta kan sauyin da ya sami tauraron labarin, wanda shi ne marubucin da kansa. A farkon littafi an nuna shi mutum ne irin na Berkeley, mai ƙyamar hukumomin leƙen asiri, wanda ba ya ganin laifin ɗalibin da ya leƙa kwamfutar wani don wasa. Kafin a kai ƙarshe sai ga shi yana zama da jami'an CIA da NSA. Wannan dabara ta yi armashi, domin mai karatu yana tafiya tare da shi ne taki-taki, kuma hukumomin ba su fito a matsayin jarumai ba. Hukumar FBI, alal misali, ta yi ta jan ƙafa saboda asarar da aka nuna mata ba ta taka kara ta karya ba.

Inda littafin ya fi ƙarfi shi ne wajen nuna yadda ake kafa hujja. Stoll ya ɗauki farautar a matsayin binciken kimiyya, bisa shawarar Luis Alvarez, masanin da ya ci kyautar Nobel. Yana da littafin da yake rubuta duk abin da ya faru da lokacinsa. Ya auna jinkirin da saƙo ke yi tsakanin kwamfutarsa da ta mai kutsen, ya gane cewa mutumin yana nesa ƙwarai. Ya lura da irin umarnin da yake bugawa, aka fahimci ba irin tsarin Unix na Berkeley ya saba da shi ba. Hatta kalmomin sirrin da ya zaɓa sun zama sawu, domin akwai sunan wata taba sigari a ciki, akwai kuma kalmar Jamusanci mai nufin mafarauci. Da aka ga ma'aikatan tarho na Jamus suna bukatar lokaci mai tsawo kafin su bi layi a tsofaffin na'urorinsu, sai aka ƙirƙiri takardun bogi a kan shirin makaman kariya na Shugaba Reagan, mai kutsen ya zauna yana kwasa har aka cim masa. Irin wannan tarko har yau masana tsaro suna ɗana shi.

Sai dai kuma idan aka auna jigon da hujjojin da ke cikin littafin kansa, za a ga wani giɓi. Yawancin kwamfutocin da Hess ya shiga ba wata gwaninta ya nuna ba. Ya tarar da su ne da kalmomin sirrin da aka sayo su da su daga kamfani, ba wanda ya damu ya sauya, ko kuma da kalmomin da kowa zai iya tsinta a ƙamus. Marubucin ya ambaci wannan sakaci sau da yawa, har da takaici, amma da ya zo yanke hukunci sai ya ɗora mafi nauyin laifin a kan wanda ya ci amana. To, ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da ya kira amana a wurare da dama sunansa na gaskiya sakaci. Amana tana yiwuwa ne tsakanin mutanen da suka san juna, kamar 'yan tsirarun masu binciken da ke kan hanyar sadarwa a wancan zamani, ba za a kafa tsaron sansanin soja a kanta ba. Tarihi ma ya nuna wannan sakaci shi ne ya fi daɗewa, domin a 2016 manhajar ɓarna ta Mirai ta mamaye dubban na'urori ta hanyar gwada kalmomin sirri na asali kimanin 60 kawai.

Akwai wata matsalar kuma da marubucin ya taɓa ya wuce. Barin ƙofa a buɗe wata goma yana nufin an bar mutumin yana shiga gidajen wasu ta cikin gidan Stoll. Gaskiya ne yakan kira waɗanda abin ya shafa ya gargaɗe su, wani lokaci ma yakan dagula layin da gangan idan ya ga za a kwashi abu mai muhimmanci. Duk da haka shi ne ya riƙa yanke shawarar abin da za a bari a sata da abin da za a hana, kuma littafin bai tsaya ya tambayi wanda ya ba shi wannan hurumi ba. Haka nan ba a ji muryar Hess da abokansa ba. Karl Koch, wanda aka tsinci gawarsa a ƙone a wani daji a 1989, 'yan layuka kaɗan ya samu.

3.3.3 Ra'ayin 1995

A 1995 Stoll ya fitar da littafin Silicon Snake Oil, ya kuma rubuta maƙala a mujallar Newsweek, inda ya nuna cewa an cika zuzuta intanet. A ra'ayinsa ciniki ta intanet ba zai kama ƙafar kasuwa ba, kuma kwamfuta ba za ta maye gurbin jarida ko malami ba. A wannan shekarar ce kamfanin Amazon ya fara sayar da littattafai, daga baya kuma Stoll da kansa ya amsa cewa ya yi kuskure.

An saba kawo wannan maƙala don a yi dariya, amma ga wanda ya karanta littafin farko ba abin mamaki ba ce. Jigon bai sauya ba. Ɗaya daga cikin hujjojinsa ita ce babu amintacciyar hanyar tura kuɗi, kuma babu ɗan kasuwar da za a kalla ido da ido. Wato mutumin da ya ɗauka amana ce kaɗai ke riƙe da hanyar sadarwa, dole ya zaci ba za ta ɗauki nauyin baƙi ba. Abin da bai hango ba shi ne za a iya maye gurbin sanayya da lissafi, ta hanyar ɓoye saƙo da dabarun da kamfanin Netscape ya riga ya fara sakawa a manhajarsa a daidai wannan lokaci. A wurin da lissafi ba ya aiki kuwa, hasashensa bai faɗi ƙasa ba. Ya koka da cewa inda kowa ke magana ba mai tacewa, da wuya a rarrabe sahihin bayani da shaci-faɗi, kuma wannan ɓangare na maƙalar shi ne masu yi mata dariya ba su cika ambata ba.