Wasan Gem: Kowa Mbappe, Kowa Gudu

Duk wanda ya leƙa shagunan gem na Sabon Gari ko Magami bayan la'asar, wasa ɗaya zai tarar ana maimaitawa. Ko PES ne, wanda kamfanin Konami ya sauya wa suna zuwa eFootball a 2021, ko FC na EA Sports, dabarar kai hari ba ta wuce guda ba. Yaro ya ɗauki Real Madrid ko Faransa, ya danna L1 haɗe da maɓalli mai kusurwa uku, ƙwallo ta tsallake kan 'yan baya, Mbappe ya bi ta a guje. In ta shiga, ihu. In ba ta shiga ba, a sake. 'Yan tsakiya kuwa sai ka ce 'yan rakiyar amarya.

Mu da muka kalli ƙwallon gaske a filin Jolly Nyame mun san ba haka ake fasa baya ba, kuma na'urar tana da abin da ya fi wannan. Akwai ba-ni-in-ba-ka, inda mai bayarwa ke wucewa gaba ya sake karɓa. Akwai gangarawa ta gefe har dab da layin ƙarshe, a dawo da ƙwallo ƙasa-ƙasa ga mai tahowa daga baya, alhali gola ya riga ya manne da sandar kusa. Waɗannan sai da haƙuri da ido. Doguwar ƙwallon nan kuwa, abokin wasa ya ɗan ja 'yan bayansa baya, shi ke nan, ta mutu.

To me ya hana yaranmu koyo? Ba rashin basira ba ne, wallahi. Dokar nan ce ta "wanda aka ci shi ke biya". Yaron da canjin aiken mahaifiyarsa ke aljihunsa ina zai tsaya gwada sabuwar dabara? Abin da ya saba zai yi ta dannawa, gabansa na faɗuwa.

Kuma mu kira abin da sunansa: mutum biyu sun zauna, ɗaya ya yi wasa kyauta, ɗaya ya biya na biyu saboda an ci shi, ai caca ce. Masu cewa kuɗin kaɗan ne, malamanmu ba da yawan kuɗi suka auna ta ba.

Masu shago, 'ya'yan maƙwabtanku ne waɗannan. Ku sa kowa ya biya rabinsa tun kafin a ɗauki hannun gem. Cinikinku ba zai ragu da ko naira ɗaya ba.