Hayaniyar Bayan Hoto

Matasan Kano da ke ɗaukar hoto don sha'awa suna da wata al'ada. Kowa ya fita da wayarsa ko kyamara 'yar gwanjo, ƙarshen mako a nuna wa juna abin da aka samo, a yi ta tsokaci. Rabin tsokacin "Masha Allah" ne, kara ta hana a faɗi aibu. Sauran rabin dokoki ne da aka haddace a YouTube: a raba hoto gida uku a tsaye, uku a kwance, a ajiye mutum a mahaɗar layukan, kada a yanke masa hula, kada falwaya ta tsiro masa a ka. Idan kuwa a Kasuwar Sabon Gari aka ɗauko hoton, hukuncin ɗaya ne: "Bayan ya yi hayaniya, ka share shi."

Wannan hukuncin ne nake da ja a kansa.

Shiga layin masu robobi da hantsi. Rana na ratsowa ta tsakanin kwanon rufi tsiri-tsiri, ta sauka a kan bokitai ja da shuɗi da aka ɗora har sama. Ɗan dako ya danno da baro yana "hanya, hanya!" Wani dattijo Bahaushe mai rumfa na ƙirga canji, maƙwabciyarsa 'yar ƙabilar Ibo na ɗaure wa wani kaya. Mai koyo zai tsaya a nan, ya danna abin nan na wayoyin Tecno da Infinix mai dusashe baya, ya fito da fuskar dattijon tas. Abokai su yaba. Amma dattijon da ya rage a hoton zai iya zama na kasuwar Kurmi, ko na Kwari, ko na kowane gari. An jefar da Sabon Gari.

Cakuɗar kuwa ita ce asalin wurin. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a wajen 1913 Turawa suka keɓe unguwar don baƙin da suka biyo dogo daga kudu, kasuwar ta taso a tsakaninsu da mutanen Fagge da na birni. A hukumance sunan tsohon gwamna Muhammadu Abubakar Rimi take ɗauke da shi, ko da yake ba kasafai za ka ji shi a bakin mai adaidaita ba. A watan Maris na 2016 gobara ta lashe dubban shaguna. Duk wanda ke neman ganin yadda layinsu yake kafin wutar, a bayan hoton wani zai same shi, wurin da ake cewa a share.

Masu hoton da can suna da hujjar rufe baya. Kuɗin fuskarsa mutum ya biya, sai a sakar masa labule mai zanen bene ko furanni. To ko a cikinsu, gwanayen ba su ji tsoron cika ido ba. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yakan zaunar da mace mai atamfa a gaban ƙyalle mai zane-zane, ado a kan ado, fuskar kuma ba ta ɓace ba. A nan gida, hoton ambaliyar Auyo da ya ciyo wa Sani Maikatanga gasar Wiki Loves Africa ta 2023, in ka cire ruwan me ya saura?

Ba cewa nake kowace hargitsa hoto ce ba. Yawancin waɗanda ake kushewa sun cancanci kushe, dalilin ne ake kuskurewa. Matsalarsu gaggawa. Mai hoton bai zaɓi wurin tsayuwa ba, bai jira ɗan dakon ya shigo cikin hasken ba, bai duba kusurwoyi huɗu ba kafin ya danna. Da abokin tsokaci zai tambaya "ina kake so idona ya fara sauka, daga nan ya je ina?" da ya fi amfani. Wani lokacin durƙusawa kaɗai ke raba kan mutum da tulin kayan da ke bayansa.

Akwai dai inda nake goyon bayan sharewa, kuma ba a cika tattauna shi ba. Kasuwa ba dandalin hawan sallah ba ce, inda kowa ya fito don a gan shi. Mai rumfa da ya ga an saita shi zai fara zaton daga ofishin haraji aka zo, don haka sallama da "Baba, in ɗauka?" suna gaba da kowace doka. Shi ya ba da izini. Matar auren da ke taya buta a bayansa ba ta bayar ba, ba ta ma san an ɗauka ba. Irin wannan hoton ko a jira ta wuce, ko a yanke gefen kafin a tura wa kowa.