Waƙar Kore Tsoro: Sharhi Kan Waƙoƙin Majami'a a Sabon Garin Kano

A duk zaman karatu da sharhi da muke yi a wannan ƙungiya, ban taɓa ganin an ɗauko waƙar majami'a an auna ta ba, sai ka ce ba da Hausa aka yi ta ba. Alhali kuwa tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, Littafin Waƙoƙi ma ya daɗe a hannun jama'a. To, ni jigo guda zan taɓa, wato waƙoƙin da ke cewa kada a ji tsoro domin Ubangiji yana tare da bayinsa.

Wanda ya san Fagge da Sabon Gari ya san wannan jigo ba don ado ake rera shi ba. Unguwannin nan maƙwabta ne, kasuwa ɗaya suke ci, amma an yi rikicin 1953, an yi na Oktoba 1982 a kan ginin majami'ar Angalika a Fagge, an kuma yi na Oktoba 1991 saboda zuwan mai wa'azin nan Bajamushe, Reinhard Bonnke. A na ƙarshen nan ina ɗan firamare, muka kwana uku a barikin soja na Bukavu, a can kuma kunnena ya fara kama bambancin da nake son nunawa.

Da dare ya yi, maza suka ɗauko waƙoƙin littafi. Ma'anarsu ba ta da laifi, saƙon Zabura ta 23 ne da na Ishaya sura 41. Matsalar tana wajen kari. Da yawansu fassara ce daga Turanci, aka bar musu muryar Turawa, aka ƙidaya gaɓoɓi kurum, ita kuwa waƙar Hausa nauyin gaɓa take aunawa. Sai ka ji an ja wasalin da ba a ja, an datse wanda ya kamata a ja, murya ta hau inda Bahaushe ke sauka. Mutumin da hantarsa ta kaɗa ba shi da ƙarfin kokawa da baiti. Kafin a kai baiti na uku waƙa ta mutu a baki.

Sai 'yan Zumuntar Mata suka karɓa, ba littafi, ba tulu, ba caki, tafi kawai. Jagora ta riƙa kiran abin da ake tsoro da sunansa: hayaƙi, duhu, yaron da ba a gani ba tun safe. Sauran su amsa da ɗango ɗaya tak, mai nuna ba a bar su su kaɗai ba. Waƙar ba ta yi alkawarin wutar za ta mutu ba. Shi ma Dauda bai ce an kawar masa da kwarin ba, cewa ya yi akwai mai raka shi a ciki. Gwanintar kuwa a amshin take, domin mai tsoro yana jin muryoyi sun kewaye shi, abin da kalmomin ke faɗa kunnensa ya riga ya shaida. Wannan tsari na jagora da 'yan amshi namu ne na gado, shi ne na waƙar daɓe da ta gaɗa.

Inda nake da ƙorafi shi ne wasu sababbin waƙoƙin sutudiyo da na riƙa ji, musamman bayan bam ɗin tashar New Road a Maris 2013. Kiɗa ya yi daɗi, ban musa ba, amma tsoro ya ɓace daga baitocin, maƙiyi ya maye gurbinsa: zai faɗi, zai ƙone, zai sha kunya. A ganina tsoron ne dai ya sake riga, mawaƙin ya ƙi yarda yana jin sa, don haka bai bar wa dogara ga Allah wani aiki ba. Ban da haka, a garin da zai wayi gari ya sayi tumatir wurin mutumin Fagge, ya kamata ya tambayi kansa wa mai sauraro zai ɗauka ake nufi da maƙiyin. Mu dai, wanda ya kwashe mu a a-kori-kurarsa ya kai mu bariki a 1991, daga masallaci ya fito.