Jinjina ga Malaman Ba da Shawara

Tun da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta shekarar 1977 ta tanadi a ajiye malamin ba da shawara a makarantun sakandaren Nijeriya, aka sami wasu bayin Allah waɗanda, alhali ba su da ajin kansu, kuma sau da yawa ofishinsu ɗan ɗaki ne mai benci guda, su ne suke ɗauke da amanar da ta fi kowace nauyi a makaranta.

Yaron da yake rubuta "b" a gurbin "d", har aka laƙaba masa daƙiƙi, wurinsu yake samun mai zama da shi cikin natsuwa, ya gane larura ce ta karatu, ba rashin basira ba, sa'an nan ya bi malaman aji ɗaya bayan ɗaya yana roƙon a ajiye bulala. Yarinyar da ta daina magana tun rasuwar mahaifinta kuwa, a kan bencin nan take fara buɗe baki, domin ta tabbata sirrinta ba zai kai ɗakin malamai ba. Allah ya saka musu da alheri.