Wane Ne Mugun A Cikin Ruwan Bagaja?

Ranar wata Alhamis bayan la'asar ina tankaɗe a tsakar gida sai 'yar yayata da nake riƙo, wadda take aji biyu na babbar sakandare, ta zo ta zauna a gefen tabarma da littafinta. Malaminsu na Hausa ya ba su jinga, wai su rubuta sharhi shafi biyu a kan Alhaji Imam da Malam Zurƙe na cikin littafin Ruwan Bagaja. Ta ce, "Anti, ki ji ko ya yi."

Na ce ta karanto. Layin farko ta ce Alhaji Imam mutumin kirki ne. Layi na biyu ta ce Malam Zurƙe mugu ne. Daga nan sai ta kama ba da labarin littafin tun daga farko, kamar malamin nata bai taɓa karanta shi ba, har shafi biyun suka cika. Rubutunta tsaf, ba kure ko ɗaya. Amma sharhi kam babu shi.

Ban ga laifinta ba, domin mu ne muka koya mata. Tun tana goye take jin tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa, wadda ita ma Ruwan Bagaja ake kiranta: 'yar bora ta yi ladabi a hanya ta dawo da dukiya, 'yar mowa ta yi rashin kunya ta dawo da kutare. A tatsuniya haka abin yake, fari a nan, baƙi a can, kuma ya isa ga yaron da ake so ya yi barci. To sai yarinya ta girma da wannan mudun, duk littafin da aka miƙa mata ta auna shi da shi. Kafin ta kai shafi na goma ta riga ta raba mowa da bora, sauran karatun neman shaida ne kawai.

Littafin Abubakar Imam kuwa, wanda ya rubuta domin gasar da aka shirya a Zariya a 1933, ba ya shiga wannan mudu. Na ajiye rariya na ce mata ta yago takarda, ta ja layi a tsakiya daga sama har ƙasa, ta rubuta sunan ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Sharaɗi guda na gindaya mata: kada ta rubuta hali, aiki za ta rubuta. Ban yarda da "mai kirki" ko "azzalumi" ba. Me ya aikata, ga wa, a shafi na nawa?

Nan fa ido ya raina fata. Kun dai tuna inda Alhaji Imam ya sauka a wani gari ya mai da kansa babban malami alhali bai san komai ba, har Malam Zurƙe ya zo, wanda shi ne ya yi karatun gaske. Da aka haɗa su gaban jama'a sai Alhaji ya zana wani lanƙwasasshen abu a ƙasa ya ce a faɗi ko mene ne. Zurƙe ya ɗauka baƙi ne na Larabci, ya yi ta kawo sunayen baƙaƙe, shi kuwa gogan ya ce ai jinjirin wata ne, jama'a suka gaskata shi, aka kori mai ilimi da ihu. Na ce mata, "To 'yata, wannan a wane gefe za ki sa shi?" Ta yi shiru tana cizon biro. Can ta ce, "Ashe shi ne ya fara cutarsa."

Da ta gama jerawa sai ga kalmomi iri ɗaya a dama da hagu: ƙarya, yaudara, ramuwa. Wannan ya haƙa wa wancan rami, gobe wancan ya rama. Ni a ganina nan gwanintar Imam take. Bai ba mu nagari da mugu ba, 'yan duniya biyu ya ba mu, tamkar mutum da inuwarsa. Abin da ya sa zuciyarmu ke bin Alhaji biyu ne. Na ɗaya, yana da dalilin fita: zai nemo ruwan ne domin ya wanke Liman daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. Na biyu, wanda 'yan makaranta ba su cika lura da shi ba, shi ne da bakinsa yake ba da labarin. Wa ya taɓa jin mace ta kawo ƙarar kishiya ta fara da nata laifin? Da Zurƙe aka ba dama ya faɗi nasa, da wani littafin daban muka karanta.

Sai a nan na bar ta ta fara rubutu. Na ce ta faɗi matsayinta cikin jimla ɗaya tak a gabatarwa, irin wadda wani zai iya musantawa. Kowane sakin layi kuma ya ɗauki magana ɗaya: ta faɗe ta, ta kawo wurin da abin ya faru a taƙaice, sannan ta bayyana abin da wurin yake nunawa. Wannan na ukun shi ne sharhin, kuma shi ne yaranmu suke tsallakewa.

Ku da kuka gama makaranta kada ku ce ba ruwanku. Ku gwada wannan layi a kan Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, wanda yawancinmu muka karanta da hawaye. Kowa ta tsaya bayan Rabi, kowa ta tsine wa Delu, kuma a nan ina da ƙorafi a kan marubuciyar, don ba ta bar wa Delu ko ɗan lungun da za a tausaya mata ba. Fuska biyun tana wajen Alhaji Abdu, wanda hannunsa ke rufe a kan cefanen 'ya'ya tara amma yake buɗe a waje. Tana kuma ƙarshen littafin: Rabi ta tsaya da ƙafarta da sayar da abinci, shi kuwa gobara ta cinye masa dukiya, sannan aka matsa mata ta koma gidansa. Nasara ce ko asara? Mun taɓa kwashe yini guda a gidan suna muna wannan musu ba mu rabu ba.

Ita dai yarinyar sai bayan isha ta gama, a kan fitilar caji. Da safe tana ɗaura ɗankwali ta juyo ta ce, "Anti, in malam ya ce shi Alhaji Imam ne nagari fa?" Na ce ta buɗe masa shafin jinjirin watan.